Daga Hawan Kibo zuwa tabarau: me ya sa jiri ya fi kama mata?

A yawon Sallar da ta wuce na kwashi yaran gidanmu muka je wani wurin wasa a nan Jos. Can gefen lilo wani matashi ya ajiye kujeru biyu da irin tabarau ɗin nan na zamani, wanda ake ɗaurawa a fuska ya rufe ido ruf, mutum ya tsinci kansa a wata duniya ta kwaikwayo: ya ɗaga kai ya ga samanta, ya waiga ya ga bayanta. Samari na ce masa VR. Abin da ake nunawa ranar wani jirgin lilo ne da ke gudu a kan dogo, ya hau can ƙololuwa ya rikito.

Ɗan yayata ne ya fara hawa, ya sauko yana ƙyalƙyala dariya. Sai yayarsa mai shekara 17 ta karɓa. Ko minti uku ba ta yi ba ta fizge abin daga fuskarta. Ana kaɗa iska mai sanyi irin tamu ta Jos, amma zufa ce ke tsattsafo mata a goshi.

"Kawu, zuciyata tashi take yi," in ji ta. "Ƙasar ma juyawa take."

Mai tabarau ya ce, "Kada ka damu, Alhaji, mata dama haka suke, ba sa jurewa. Kullum ina gani." Ƙaninta ya ɗora da cewa raki ne kawai. Ba ta tanka musu ba. Har aka idar da Magariba tana dafe da kai, tuwon dare ma ba ta taɓa ba.

Maganar matashin nan ta tsaya mini a rai. Bai yi ƙarya ba a kan abin da idonsa ya gani, don masu bincike ma sun ga irinsa. A wajen dalili ya kuskure. Yarinyar da na sani ba raguwa ba ce, kuma da zarar an ce "raki" an gama magana ke nan, babu mai sake tambayar me ya faru da ita.

In ana son gane abin, sai an bar wurin wasa an hau hanyar Akwanga. Duk wanda ya taɓa zuwa Abuja daga Jos ya san Hawan Kibo, inda mota ke barin tudun Filato tana gangarawa, kwana na bin kwana. A nan ne ake jin wani daga bayan mota ya ce, "Direba, don Allah a hankali," a shiga laluben baƙar leda. Ita ma 'yar yayata ba ta taɓa tafiyar nan ba sai mahaifiyarta ta cusa mata leda a jaka. Amma ka taɓa ganin direba ya tsaya a Hawan Kibo don ya yi amai?

Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wasu 'yan bututu uku masu lanƙwasa cike da ruwa, da wasu 'yan jakunkuna biyu masu ɗauke da ƙananan tsakuwoyi da ido ba ya gani. Ba ruwansu da jin magana. Aikinsu su faɗa wa ƙwaƙwalwa yadda kai ke motsi: bututun su kama juyi, tsakuwoyin su kama karkata da fizgar gudu. Ido ma yana kai nasa rahoton, haka tsokoki da gaɓoɓi. Muddin shaidun nan sun yi magana ɗaya, lafiya lau. Fasinjan bayan mota kuwa, kunnensa na cewa ana ta jujjuya shi, idonsa da ke kan ƙeyar na gabansa ko kan waya na cewa zaune yake cak. Wannan saɓanin shi ne bayanin da James Reason da abokin aikinsa Brand suka shimfiɗa a 1975, kuma har yau shi ya fi karɓuwa. Direba ya tsira ne saboda yana ganin kwana kafin ya shige ta, kuma shi ke murza sitiyari, don haka jikinsa ya riga ya san abin da ke zuwa.

To me ya kawo amai cikin rigimar ido da kunne? Wani masani mai suna Michel Treisman ya kawo hasashe a 1977 cewa wata irin guba, in ta shiga jiki, irin wannan ruɗani take haifarwa, don haka ƙwaƙwalwa kan ɗauka an ci wani mugun abu, ta umarci ciki ya fitar. Hasashe ne, amma ya yi daidai da abin da ake gani: miyau ya cika baki, zufa mai sanyi, hamma, kasala, sannan amai.

Akwai labarin da ya tabbatar mini da cewa kunne ne jigon al'amarin. Tsakanin 1958 da 1968, hukumar binciken sararin samaniya ta NASA da rundunar sojan ruwan Amurka sun yi aiki da wasu kurame 11 daga Kwalejin Gallaudet ta birnin Washinton. Goma daga cikinsu sanƙarau ne ya kurmantar da su tun suna yara, cutar da mu a Arewa muka san ɓarnarta, kuma ta lalata musu wancan sashe na cikin kunne. An jujjuya su a ɗaki mai juyi kwana da kwanaki, an fita da su teku a gaɓar Kanada cikin igiyar ruwa mai tsanani. Masu binciken da kansu suka kwanta jiri har aka katse gwajin, su kuwa kuramen suna zaune suna karta. Mai jin jiri dai kunnensa ne ke aiki yadda ya kamata.

Tabarau ɗin nan yana juya lissafin mota ne. Yanzu ido ne ke rantsuwa ana gudu, ana rikitowa daga sama, kunne kuwa na cewa a kan kujerar roba ake zaune. Saɓanin ɗaya ne, an dai sauya wanda ke cewa me. In hoton ya yi jinkirin bin juyin kai, ko da ɗan ƙyaftawar ido ne, abin ya ƙara muni. Shi ya sa masu ƙera su ke ƙoƙarin sa hoton ya sabunta kamar sau 90 a daƙiƙa ɗaya.

Sai batun mata. Tun kafin a san da wannan na'ura an lura da bambanci. A 1988 Lawther da Griffin na Jami'ar Southampton sun wallafa abin da suka tattara daga fasinjojin jiragen ruwa fiye da 20,000 a tekunan da ke kewaye da Birtaniya, kuma lissafin da aka fitar daga ciki shi ne, in maza 3 sun yi amai, mata 5 ne suka yi. Da tabarau ya fito kasuwa, Thomas Stoffregen da ɗalibansa a Jami'ar Minesota suka gwada wani samfurinsa mai suna Oculus Rift, suka wallafa a 2017. Gwaji biyu suka yi, kowanne da mutum 36, rabi maza rabi mata, na tsawon abin da bai wuce minti 15 ba. A na farko, wasan gara ƙwallo ta hanyar karkata kai, kashi 22 cikin ɗari ne suka ji jiri, kuma bambancin maza da mata bai taka kara ya karya ba. A na biyu, inda mutum ke yawo cikin lunguna masu duhu alhali yana zaune, mata 14 cikin 18 suka kamu, maza kuwa 6 cikin 18. Wato kusan kashi 78 da kashi 33. Tun a kan taken rahoton suka ce na'urar tana nuna wa mata bambanci.

Da a nan aka tsaya, da mai tabarau na wurin wasa ya ci gari. Sai dai a 2020 Dimitrios Saredakis da abokan aikinsa a Jami'ar Kudancin Ostiraliya suka haɗa bincike 55 wuri guda suka tace, ba su ga bambanci tsakanin maza da mata ba. Abin da ya fito musu fili shi ne irin abin da ake kallo: wasanni masu gudu da tsalle sun fi tayar da zuciya, hotunan da ba su da yawan motsi sun fi sauƙi. Wannan rashin daidaito tsakanin masana shi ne ya fi ja hankalina. Abin da yake halitta tsantsa, kamar tsayi ko kaurin murya, a ko'ina aka auna sai an gan shi. Wanda kuwa yake bayyana a wannan ɗakin gwaji ya ɓace a wancan, akwai wani abu a cikin ɗakin da ke kawo shi.

Kay Stanney da abokan aikinta biyu sun kama babban ɓangare na wannan abin a 2020, kuma da tela aka tambaya da tuni ya faɗa, domin batun awo ne.

A cikin tabarau ɗin akwai gilasai biyu, kowane ido da nasa, kuma kowane gilashi a tsakiyarsa kaɗai yake nuna hoto daidai. Duk wanda ya taɓa yin gilashin ido ya ga yadda likita ke ɗora ɗan ma'auni a kan hanci yana auna tazarar da ke tsakanin ƙwayar idon dama da ta hagu. Wannan tazarar ta bambanta daga mutum zuwa mutum. Awon da rundunar sojan Amurka ta yi wa dubban sojojinta a 2012 ya nuna matsakaicin maza milimita 64 ne, na mata kusan 62. A ido kamar ba komai ba, amma matsakaici ke nan. Mata da yawa suna ƙasa da 60, wasu har ƙasa da 55. Yanzu dubi na'urorin. Oculus Go da ya fito a 2018 gilasansa a kafe suke a kan milimita 63.5, ba sa motsi. Quest 2 na 2020, wanda ya bazu a duniya sosai, wuri uku kawai yake tsayawa: 58, 63 da 68. Macen da tazarar idonta 55 ce ba ta da mazauni a cikinsu.

Idan ƙwayar ido ta kauce wa tsakiyar gilashi, gilashin kan karkatar da hasken, hoton ya gusa gefe ya yi dishi-dishi, nesa da kusa su rikice. In gilasan sun fi idanun faɗi, sai an tilasta wa idanun su buɗa waje, alhali ido ya saba haɗuwa ciki ne in zai kalli abu kusa, bai saba rarrabuwa ba. Tsokokin ido su yi ta dambe ba hutu, ga kuma wancan saɓani na ido da kunne a kai. Kaya biyu ke nan a kan mutum ɗaya.

Stanney ta gano cewa rashin dacewar awon nan shi ne kan gaba cikin abubuwan da suka raba maza da mata a gwajinta. Matan da na'urar ba ta dace da su ba sun fi jin jiki, kuma bayan awa ɗaya da cirewa ba su dawo daidai ba. Da na karanta wannan sai na tuna 'yar yayata dafe da kai har Magariba. A gwaji na biyu, da aka tabbatar awon ya dace da kowa, jirin mata ya yi kama da na maza, kuma sun warware cikin lokaci irin nasu.

A ganina wannan shi ne zuciyar magana. An yanka riga da awon mai gida, aka ba uwar gida ta sa, da ta yi tuntuɓe da ita aka ce ba ta iya tafiya ba.

Ba na so kuma in yi irin kuskuren mai tabarau ta ɗaya gefen, in ce jiki ba shi da hannu. Yana da shi. Ciwon ɓarin kai ya fi kama mata kamar ninki uku, kuma masu shi sun fi saurin jin jiri a mota, a jirgi, ko a cikin tabarau. Mai ciki, musamman a watannin laulayi, ba sai an faɗa ba. Wasu nazarce-nazarce sun ga saurin jirin yana ɗan hawa da sauka da kwanakin al'ada. Binciken ƙwayoyin gado da kamfanin 23andMe ya wallafa a 2015, kan mutum fiye da 80,000, ya samo wurare 35 a cikin ƙwayoyin gadon masu alaƙa da jirin tafiya, wasu daga cikinsu tasirinsu ya kai ninki uku a jikin mata. Stoffregen kuma yana da nasa bayanin daban tun 1991: jiki ko a tsaye yake yana ɗan lilo da ba a gani, salon lilon maza da mata ba ɗaya ba ne saboda bambancin gini, kuma ana iya hango wanda zai ji jiri tun daga yadda yake lilon kafin ya sa komai a fuska. Duk waɗannan al'amura ne na jiki, kuma babu guda a ciki da ake kira raki.

Akwai kuma abin da mu muka ƙara da hannunmu, wanda ba sai an je Minesota ba za a gani.

Jiki yana sabawa da motsi. Matuƙin jirgin ruwa da ya yi amai a makonsa na farko, bayan wata ya daina. Leƙa kowane gidan wasan bidiyo daga Unguwar Rogo zuwa Gangare ka ƙirga 'yan matan da ke ciki. Yaro tun yana firamare idonsa ke bin ƙwallo da mota a kan allo alhali yana zaune kan benci, ƙwaƙwalwarsa ta yi shekaru tana koyon yin watsi da ƙaryar ido. Yayarsa tana gida. Ranar Sallah a ɗaura musu abu ɗaya a fuska a ce wai gwaji ne na adalci. A tashar Bauchi Road ma haka: wa ke zama gaba kusa da direba, inda ake ganin hanya, iska na shigowa? Wa ake turawa can baya, da goyo a cinya, tsakanin buhuna, inda mota ta fi girgiza kuma ba a hango komai? Sannan a ce mata ne masu amai a mota.

Ga kuma ta maza. Kusan duk alƙaluman nan daga baki ake karɓarsu: a tambayi mutum, ya faɗi yadda yake ji. Takardar tambayoyin da aka fi amfani da ita, mai alamomi 16, Robert Kennedy da abokansa ne suka fitar da ita a 1993, daga bayanan matuƙan jiragen sama na rundunar sojan ruwan Amurka, kusan dukkansu maza horarru. Saurayin da aka rena da cewa namiji ba ya nuna gazawa, in zuciyarsa na tashi a gaban abokai, zai haɗiye miyau ya ce garau yake. Na tabbata cikin samarin da ke sauka daga kujerar nan suna dariya akwai masu zagayawa bayan rumfa su jingina da bango. Ita mace ta faɗi gaskiyar jikinta, sai gaskiyar ta zama abin gori. Tabitha Peck da abokan aikinta sun nuna a 2020 cewa mata ba su da yawa a binciken wannan fanni, ko cikin waɗanda ake gwadawa ko cikin masu rubutawa. Wanda ba ya wurin awo, ba mamaki rigar ta ƙi shigarsa.

Da abin zai tsaya a wasan Sallah, da ban ɓata tawada ba. A 2018 kamfanin Walmart na Amurka ya sanar da raba Oculus Go fiye da 17,000 a shagunansa don horar da ma'aikata, wato dai wannan mai kafaffen gilashin. Ana koyar da tiyata da irin wannan tabarau, ana koyar da aikin injiniya. A Disamban 2021 Shaihu Abdurrahman Sudais ya ƙaddamar da shirin kallon Hajarul Aswad ta irin wannan tabarau. Ranar da aka kawo shi ajin ɗalibai masu koyon jinya ko wurin bitar alhazai a garuruwanmu, in ba a gyara tunani ba, Hajiya za ta cire shi bayan minti uku ta koma gefe, ɗaliba za ta rasa maki, kowa ya ce ai dama mata ne. Wannan ne ke damuna ƙwarai: a hana mutum ilimi saboda milimita biyar, kuma a sa ta yarda cewa laifinta ne.

Gyaran ba tsada gare shi ba. Ma'aunin 'yan makaranta da madubi sun isa a san tazarar ido: a ɗora ma'aunin a kan gira, a rufe idon dama a daidaita sifili da ƙwayar hagu, sannan a rufe na hagu a karanta inda ƙwayar dama ta faɗa. Mai sayen na'ura don jama'a ya nemi wadda gilasanta ke matsawa a hankali, kuma ya gyara wa kowane mutum kafin ya kunna, ya tambaye shi ko rubutu ya fito fes. Ɗaurin ɗankwali ko tulin gashi a ƙeya yakan ture maɗaurin ya karkatar da gilasan, don haka a kwantar da shi tukuna. A fara a zaune, da abin da ba ya gudu, minti biyar yau, bakwai gobe, fanka na kaɗawa a fuska. Wasanni da yawa suna da zaɓin da mutum zai ɓace nan ya ɓullo can maimakon ya sulale, da wanda ke duhunta gefen hoto lokacin gudu. A kunna su. Da an ji ɗumi a fuska ko miyau ya fara taruwa, a cire nan take, don dauriya a nan ƙara tsawon jinya take yi. Avomine da ake sha kafin tafiya yana sa barci, bai kamata a sha shi don wasa ba, mai ciki kuwa sai da izinin likita.

Watanni bayan Sallar, tafiya ta kai mu Abuja ni da ita, muka sauka gidan wani abokina da ke da Quest 2. Da ta gan shi ta ja baya. Na ce ta tsaya gaban madubi, muka auna: 57. Abokina ya tura gilasan zuwa 58, ta kwance ɗankwali ta sa hijabi, ta zauna kusa da fanka. Ya sa mata hoton ƙarƙashin teku, kifaye na wucewa a hankali.

"Kawu, ashe haka abin yake? Wancan karon komai biyu-biyu nake gani, na ɗauka haka kowa ke gani."

Ta yi kusan kwata tana waige-waige ba ta ce komai ya dame ta ba. Da aka sa jirgin lilo, wajen minti biyar ta ce ya isa, ta cire. Abokina, wanda ya shekara biyu da na'urar, ya ce shi ma wannan ba ya iya kai shi ƙarshe.

A hanyar dawowa, da muka wuce Akwanga, na ce ta dawo kujerar gaba, ta ajiye waya, ta sa ido can nesa inda kwalta ke lanƙwasa, ta ɗan sauke gilashi. Muka haye Hawan Kibo tana ba ni labarin kifayen. Da muka iso gida ta zazzage jakarta, ledar da mahaifiyarta ta ba ta tana nan a naɗe yadda aka sa ta.